Wayarka Ce, Amma Ba Sai Ka Ɓalle Ƙofa Ba

Kawuna ɗan kasuwar hatsi ne. Daga Dandume da Funtuwa yake lodin masara da dawa ya sauke a babbar kasuwar Katsina, kuma kamar yawancin sa'o'insa bai taɓa ajiye littafin bashi ba. WhatsApp ne littafinsa. Wanda ya ɗauki buhu biyar zai turo murya ya ce ya ɗauka, Kawu ya mayar masa da murya ya faɗi kuɗi da ranar biya, shi ke nan magana ta zauna. Bara wajen kaka sai wayar ta fara ba shi kunya. Yana tsakiyar ciniki, ya ɗago ta zai nuna wa mutum alat, sai talla ta faɗo ta rufe fuskar baki ɗaya, wani lokaci ta caca, wani lokaci wata baiwar Allah tana tiƙar rawa, ga shi dattijo a gaban jama'a. Datar da ya saba yin mako da ita ta koma kwana uku. Kafin la'asar caji ya yi ja. Ya kai ta rumfar wani yaro mai gyara, yaron ya jujjuya ta ya ce, "Alhaji, wannan sai an yi mata rutin, a ciccire tarkacen kamfani."

Kawu bai san rutin ba, wato buɗe wa mai waya cikakken iko a kan tsarinta, amma ya san tarkace, don haka ya ce a yi. Bayan magariba ya karɓo waya tas, babu talla ko ɗaya. Babu kuma hotunan bikin ɗiyarsa, babu lambobin direbobin da ya ajiye a kanta, babu muryoyin bashin kaka guda. Ajiyar WhatsApp ta intanet tuni aka kashe masa ita don tattalin data. Washegari ya buɗe manhajar banki zai tura wa wani dillali kuɗi, ta nuna masa dogon Turanci ta rufe kanta. Garin gyaran gira ke nan.

Ban ɗauki yaron nan mugu ba. Abin da ya koya ya yi. Laifinsa ɗaya, bai faɗa wa mai waya cewa kafin a yi wa wayar zamanin nan rutin sai an buɗe makullin da ke tsaron tashinta, kuma da gangan aka gina Android yadda da an buɗe wannan makulli sai ya share duk abin da ke ciki, don kada ɓarawon waya ya bi ta nan ya kwashi sirrin mai ita. Abin da ya fi ci mani rai shi ne, duk abin da Kawu ke kuka da shi yana da magani a cikin wayar, ba tare da an ɓalle komai ba. Ni a ganina, ga mutumin da asusun bankinsa da cinikinsa ke cikin waya, rutin ya tashi daga gwaninta ya koma ganganci. Amma ban yarda a tsaya nan a ce wa mutane su haƙura da wayar yadda kamfani ya ga dama ya miƙo ta ba. Tsakanin ɓalle ƙofa da zaman haƙuri akwai fili mai faɗi, kuma kusan ba wanda ke nuna wa mutanenmu shi.

A cikin Android kowace manhaja ɗakinta daban, kamar gidan haya. Ta banki ba ta leƙa ɗakin ta wasa, ta wasa ba ta leƙa ɗakin ta banki. Rutin shi ne ka ƙera mabuɗin da ke buɗe kowane ɗaki, har da wanda maigidan ya ajiye takardun filin. Daɗin abin, kana iya rushe bango ka sake gini. Illarsa, duk manhajar da ka yi kuskuren ara wa mabuɗin ita ma ta zama maigida.

Ni ma na yi, kada a ce ina wa'azin abin da ban ɗanɗana ba. Muna makaranta, zamanin wayoyin da manhaja goma ke cika musu ciki, manhajar rutin mai suna KingRoot muke turawa juna, a latsa sau ɗaya a jira a gani ko za ta kama. A lokacin akwai hujja. Kafin Android 6 da ya fito a 2015, in ka sauke manhaja to ka ba ta duk izinin da ta nema a dunƙule, ko ka karɓa ko ka bari. Ba ka da ikon cewa ta taɓa kyamara amma kada ta taɓa lambobinka. Kuma in wayar ta mutu a hannunka, asarar ba ta wuce waƙoƙi da hotunan Sallah ba.

Abu biyu suka canza. Na farko, Google ya yi ta sakin mabuɗai ɗaya bayan ɗaya. A 2015 aka ba ka ikon hana izini ɗaiɗai. A 2016, da Android 7, aka kawo maɓallin tattalin data da ke hana manhajoji shan data a bayan idonka. A 2017 aka ba ka damar rufe bakin wani nau'in sanarwa ka bar wani a manhaja guda. A 2018 aka kawo saitin da ake toshe talla da shi, zan zo kansa. A 2019 saitin mayar da fuskar waya baƙa ya zo wa kowa, a 2022 kuma Android 13 ya ce manhaja ba za ta turo maka sanarwa ba sai ta nemi yardarka. Yawancin abin da muke rutin dominsa a da, yanzu yana nan a saiti yana jiran mai taɓawa.

Na biyu, waya ta zama aljihu. Duk wanda ya ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya san ranar da abin ya juya. Mai shayi, mai nama, mai kayan miya a bakin Ƙofar Ƙaura, kowa sai da ya koyi karɓar tiransifa. Su kuma bankuna ba sa wasa da wannan. Da yawa daga manhajojinsu kafin su buɗe sai sun bincika ko an taɓa cikin wayar, wasu ta hanyar tsarin Google da ake kira Play Integrity, in aka ce an taɓa sai su ƙi. Masu amfani da Magisk, manhajar da ake rutin da ita a yanzu, suna da dabarun ɓoye rutin, na sani, amma wasan ɓuya ne da ba ya ƙarewa. Yau ta yi, gobe a sabunta wani abu ta daina, ka koma neman sabuwar dabara. Ɗalibin kwamfuta yana iya jin daɗin wannan wasa. Mai buhu ɗari a kan hanya da direba yana jiran kuɗin mai, ba shi da lokacinsa. A wayoyin Samsung ma abin ya fi haka tsanani, domin tsarin Knox yana da wata alama a jikin injin da ke sauyawa da zarar an ɗora manhajar da ba ta kamfani ba, kuma ba ta komawa har abada. Ko ka mayar da komai yadda yake, Secure Folder, wato ma'ajiyar sirri ta Samsung, ba zai sake yi maka aiki ba.

Wayar Kawu dai sai da aka kai ta wani wurin aka mayar mata da manhajar asali aka kulle. Yaron shagonsa ya sake tura masa manhajojinsa ta Xender kamar yadda ya saba. Kafin mako ya zagayo, mai rawa ta dawo.

Ranar wata Juma'a bayan isha ya miƙo mani ita a kan tabarmar ƙofar gida, ya ce, "Kai da ka yi boko, duba mani shegiyar nan, in ba ta gyaruwa in koma mai tocila." Na shiga jerin manhajojin da aka ba izinin fitowa a saman sauran. Ga ta nan zaune: wata mai hoton tsintsiya, wai mai share datti da sanyaya batir. Ba ta kamfanin wayar ba ce ma, cikin kayan da yaron shago ke turowa take. Ita ke jefo tallar. Na cire ta, ko minti ɗaya ban yi ba. Wato duk asarar da aka yi, an yi ta ne a kan laifin da wanda ake tuhuma bai aikata ba. Kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Daga nan na bi sauran a hankali, yana kallo. Duk sanarwar da ta faɗo daga manhajar labarai ko ta wasanni da aka sayo wayar da su, sai in danne ta da yatsa, zaɓin kashewa ya fito, in kashe. Waɗanda wayar ta yarda a dakatar na dakatar da su. Na shiga lissafin data na nuna masa da idonsa wace ce ke sha, muka hana kowa shan data a ɓoye ban da WhatsApp da ta banki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a watan Janairun 2025 a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Na ƙara masa girman rubutu, domin na lura sai ya miƙar da hannu yake karanta alat. Na sa masa Hausa a allon rubutu na Gboard, inda ƙ da ɗ da ɓ suke, ko da yake shi wannan bai dame shi ba tunda murya yake turawa. Ni ya dama. Na gaji da ganin an rubuta kasa ana nufin ƙasa, a bar mai karatu da canka.

Sai toshe talla, wanda shi ne abin da ya fi kai matasa ga rutin. Duk lokacin da manhaja za ta ɗauko wani abu daga intanet, sai ta fara tambayar adireshi, kamar baƙon da ya tsaya a bakin layi yana tambayar yara ina ne gidan wane. Tun Android 9 aka ba mai waya ikon zaɓar wanda za a riƙa tambaya, a wani saiti mai suna Private DNS da ke sashen haɗi da intanet. In ka rubuta adireshin masu tace talla, irin dns.adguard-dns.com na kamfanin AdGuard, to duk sanda aka tambayi gidan masu talla sai a ce ba a san shi ba. Tallar ba za ta sauko ba, balle ta ci maka data. Iyakarsa biyu, kuma gara a faɗe su. Ba ya hana tallar YouTube da Facebook, domin su daga gida ɗaya tallarsu da kayansu ke fitowa. Sannan wanda ka naɗa mai nuna hanya zai san sunan kowane gida da wayarka ta tambaya. Amana ce ka ɗauke daga hannun wani ka ba wani, sai ka duba wa kake ba.

Akwai kuma ɗakin da aka ɓoye. In ka shiga bayanin waya ka latsa wurin da aka rubuta Build number sau 7, sashen masu ƙera manhaja zai bayyana. A ciki akwai saiti uku na saurin motsin fuska, in ka mayar da kowanne rabi sai ka ji wayar kamar ta sha magani. Ba ƙarfi aka ƙara mata ba, yangar buɗewa da rufewa aka rage, amma ga ƙaramar waya bambancin a fili yake. Kawu ya shafa ya shafa, ya ce, "Mi ka yi mata haka?" Na ce cewa na yi ta daina yanga.

Ta wannan sashe ne ake kaiwa ga ADB, ƙofar ma'aikata da Google ya bari don masu gwada manhaja. Ka haɗa waya da kwamfuta da kebul, ka ba da umarni a rubuce. Da umarnin pm disable-user --user 0 da sunan manhaja a gaba, kana iya kwantar da manhajar kamfani da ta ƙi ciruwa ta hanyar da aka saba. Ba a buɗe makulli ba, ba a share komai ba, sabuntawa daga kamfani za ta ci gaba da zuwa. Manhajar tana nan a ma'ajiyar wayar, barci kawai take, in ka ga ka yi kuskure ka tashe ta. Tun Android 11 na 2020 ma ana iya yi ba kwamfuta, ta manhajar Shizuku, sai dai tana buƙatar wayar ta hau Wi-Fi, abin da a gidajenmu yakan zama aron hotsifot daga wayar wani, kuma duk sanda wayar ta mutu ta tashi sai an sake kunna ta. A nan ne nake ja wa mutane birki. In ka kwantar da abin da wayar ke tsaye a kansa, tana iya ƙin tashi, ƙarshe sai an share ta, ka koma inda Kawu ya faro. Abin da ba ka san aikinsa ba, bar shi. In ka gama kuma ka rufe ƙofar kebul ɗin, kada ka kai waya rumfar caji da ita a buɗe. Wasu manhajojin banki ma ba sa buɗewa in suka tarar da ita a kunne.

Kada kuma wani ya ji an ce "ba rutin" ya ɗauka an ce "ba haɗari". Abin da ya fi yawo a wayoyin garin nan ba Magisk ba ne, GBWhatsApp ne da 'yan uwansa. Ana son su don launi, da ganin saƙon da aka goge, da ɓoye cewa an karanta. Ba sa buƙatar rutin, gaskiya ne. Amma wani ne da ba ka san shi ba ya farke WhatsApp ya sake ɗinkewa, kai kuma ka zuba hirar iyalinka da ta cinikinka a ciki. Kamfanin WhatsApp ya sha faɗa cewa yana rufe lambar masu amfani da irinsu. Abin dariyar, ɓoye alamar karantawa da lokacin da ka leƙa duk suna cikin WhatsApp na asali. Haka nan izinin da aka tanada don taimaka wa makafi da masu lalura, wanda ke ba manhaja ikon karanta fuskar waya da latsawa a madadinka. In manhajar canza launi ko ta tocila ta nemi wannan izini, tambayi kanka me za ta yi da shi. Ɓarayin asusu ta nan suke bi, shi ya sa Android 13 ya ƙara tsaurara shi ga manhajojin da aka sauke daga gefe.

Masu rutin suna da magana guda da ba zan iya turewa ba. Sukan ce, da kuɗina na saya, wa ya isa ya hana ni shiga ɗakina? Kuma wayar da kamfani ya daina sabuntawa bayan shekara biyu, wani lokaci tsarin sa-kai irin LineageOS ne kaɗai ke tsawaita mata rai. Wanda ke da tsohuwar waya a ajiye, babu banki a kanta, yana son koyo, ya yi ta yi, ta haka ake samun gwanaye. Kamfanoni kuwa sai ƙara rufe ƙofa suke, Huawei tun 2018 ya daina ba da lambar buɗe makulli. Na yarda ƙorafin gaskiya ne. Inda muka rabu shi ne maganin. Bai kamata haƙƙin cire manhajar da ba ka so ya zama na wanda ya iya Turanci da kwamfuta kaɗai ba.

Kowa ya san dalilin tarkacen. Ribar waya mai araha ba ta da yawa, sai a cike gurbi da kuɗin masu biya a ɗora manhajarsu da kuɗin talla. Araha ba ta ado. To amma a faɗa wa mai saye mana. Amazon yana sayar da na'urar karatunsa ta Kindle iri biyu, mai talla da rangwame, marar talla da cikakken kuɗi, ka zaɓa da idonka a buɗe. Koriya ta Kudu tun 2014 ta fitar da ƙa'idar cewa manhajojin da aka sayo waya da su, in ba na dole ba ne, a bar mai waya ya iya gogewa. Tarayyar Turai daga 20 ga Yunin 2025 ta wajabta wa masu ƙera waya su ci gaba da sabunta manhajarta aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurin. Mu nan NCC ce ke tantance samfurin waya kafin a halatta sayar da shi, ga kuma hukumar kare masu saye ta FCCPC. Kasuwar da Tecno da Infinix da itel na kamfanin Transsion, da Samsung da Redmi, ke kokawa a kanta ba ƙaramar kasuwa ba ce da za a ce ba ta da bakin sa sharaɗi. Me zai hana sharaɗin tantancewa ya haɗa da cewa duk manhajar da ba ta dole ba, a iya cire ta da latsawa biyu? Talakan da ke sayen data ta ɗari biyar shi ke biyan kuɗin saukar tallar da bai nema ba.

Kafin hukuma ta motsa, masu gyaranmu ke da wuƙa da nama. Filashin, wato share waya a sake ɗora mata manhaja, ya zama musu kamar allurar kemis, kowace cuta ita ce. Da za su mayar da saitin waya sana'a mai kanta, a zauna da mutum minti ashirin, a kashe masa abin da ke cin data, a kunna masa ajiyar lambobi da ta WhatsApp, a karɓi ɗan abin da ya sawwaƙa, da sun fi samun masu dawowa. Kuma tambaya ɗaya ta zama farilla kafin a taɓa wayar kowa: "Alhaji, akwai abin da in ya ɓace za ka shiga uku?" Da an yi wa Kawu ita, da ya ce a dakata.

Wayar tana nan, datar tana kai masa mako har da ɗoriya. Talla ɗaya ce ta gagare ni, wadda ke fitowa a tsakiyar karatun da yake saurare a YouTube, na ce masa wannan sai haƙuri. Cikin masu bashin, mutum biyu sun zo da ƙafarsu sun biya ba a tambaye su ba. Akwai na uku da Kawu ya tabbata buhu bakwai ya ɗauka, shi kuma ya rantse biyar ne, aka rabu a kan shida. Yanzu akwai wani littafi mai jan bango a ƙarƙashin bencin shagon, yaron ne ke rubutawa, Kawu ya sa a karanto masa kafin a tashi.